Daga Buƙraɗu zuwa Jalinusu: Tarihin Sana'ar Likitanci a Wurin Girkawa da Romawa

Sana'ar warkar da marasa lafiya ta girmi Girkawa da nisa, domin Misirawa da mutanen Babila sun rubuta sunayen cututtuka da magungunansu ƙarnoni masu yawa kafin a ji labarin wani likita a ƙasar Girka. Sai dai a garuruwan Girkawa na ƙarni na 5 kafin Miladiyya ne aka samu wani rukuni na masu magani waɗanda suka dage a kan cewa aikinsu fanni ne mai ƙa'idoji, wanda ake koyarwa, ake rubutawa, ake kuma jayayya a kansa da hujja. Kalmar da suke kiran irin wannan fanni da ita ita ce "tekne", wato sana'ar da mai yin ta zai iya bayyana dalilin duk abin da ya aikata, kamar yadda magini ko matuƙin jirgin ruwa zai iya. An daɗe da jingine mafi yawan magungunansu, kuma bayaninsu game da cikin jikin ɗan Adam cike yake da kurakurai, amma ɗabi'u biyu da suka shuka, wato lura da majinyaci tare da rubuta abin da ido ya gani, da kuma ɗaukar jinya a matsayin amana, har yau a kansu sana'ar take tsaye.

Kafin wannan lokaci, da ma bayansa, yawancin Girkawa suna danganta cuta da fushin abubuwan bautarsu. A cikin Iliyad, doguwar waƙar yaƙi da ake jingina wa Homa, annobar da ta afka wa sansanin mayaƙa ta zo ne daga kiban abin bautarsu Afolo, ko da yake a waƙar akwai jarumai masu cire kibiya da sa magani a rauni. Daga baya bautar Askilefiyos, wanda suka ɗauka shi ne ubangidan waraka, ta bazu, babbar cibiyarta kuwa tana Efidauros, inda majinyaci yake tsarkake jikinsa, ya yi yanka, sannan ya kwana a wani keɓaɓɓen ɗaki yana jiran a nuna masa maganinsa a mafarki. Allunan dutse na ƙarni na 4 kafin Miladiyya da aka tono a wurin suna ɗauke da labaran makafi da guragu da matan da suka daɗe ba su haihu ba, waɗanda aka ce sun samu biyan buƙata. Likitoci ba su yaƙi waɗannan ɗakunan bauta ba, hasali ma da sunan Askilefiyos suke rantsuwa, kuma mutum ɗaya yakan je wurin duka biyun.

Babu hukumar da ke ba likita takardar izini a wancan zamani, saboda haka duk wanda ya ga dama yana iya kiran kansa likita, ya yi gogayya da masu haƙar saiwoyi, da magori masu tallar magani a kasuwa, da ungozomomi, da masu horar da 'yan kokawa. Ana koyon aikin ne a hannun uba ko maigida, kuma likitoci da yawa matafiya ne, suna bin gari gari, jarinsu kawai shi ne sunan da suka yi. Masanin tarihi Herodotas ya kawo labarin Demokedes, mutumin Kuroton, wanda tsibirin Ejina ya ɗauka aiki a kan talanti ɗaya a shekara, wato awon azurfa mai nauyin fiye da kilo 25, sannan Atina ta ƙara masa, sarkin Samos kuma ya biya shi talanti biyu. Daga ƙarshe ya faɗa hannun Farisawa yana bawa, ya warkar da targaɗen Sarki Dariyus bayan likitocin Masar sun kasa. A irin wannan kasuwa, hanyar da baƙon likita yake bi ya samu yardar mutane ita ce hasashen yadda cuta za ta kasance, domin wanda ya faɗi ranar da zazzaɓi zai sauka, ko ya sanar da dangi tun da wuri cewa babu sauran dabara, ba za a ɗora masa laifin mutuwa ba.

Sunan da ya fi shahara a wannan fage shi ne Hifokiratis, wanda littattafan Larabci suka sani da Buƙraɗu, an kuma haife shi a tsibirin Kos wajen shekarar 460 kafin Miladiyya. Littattafai kimanin 60 ne suke ɗauke da sunansa, amma marubuta daban daban ne suka rubuta su, har ma sukan saɓa wa juna. Ɗaya daga cikinsu ya yi magana a kan farfaɗiya, wadda Girkawa ke kira cuta mai tsarki, ya nuna cewa asalinta a ƙwaƙwalwa yake, tana da sababi kamar kowace cuta, kuma masu lulluɓe ta da tsafi suna ɓoye jahilcinsu ne. Wani littafin ya umurci likitan da ya sauka a baƙon gari ya fara duba iskar garin da ruwan shansa da yanayin ƙasarsa da abincin mutanensa. Wani kuma ya kawo ra'ayin da ya mamaye likitanci kusan shekara dubu biyu, cewa jiki yana ɗauke da ruwaye huɗu, wato jini, da majina, da ruwan matsarmama mai rawaya, da baƙin ruwan da daga baya aka danganta da saifa, waɗanda Larabawa suka kira safra'u da sauda'u. Lafiya a wannan fahimta ita ce daidaituwar ruwayen ta fuskar zafi da sanyi da danshi da bushewa, magani kuwa shi ne mayar da daidaito ta hanyar abinci, da motsa jiki, da wanka, da wankin ciki, da ƙaho, da tsaga jijiya a rage jini.

Mafi daraja a cikin wannan tari shi ne littafin Efidemiya, kalmar da asalin ma'anarta ita ce sauka a gari. A juzu'insa na ɗaya da na uku akwai bayanin majinyata 42, da yawansu a tsibirin Tasos, inda marubucin yakan faɗi sunan mutum da unguwarsa, sannan ya bi shi rana bayan rana yana rubuta zafin jikinsa, da launin fitsarinsa, da barcinsa, da gumi, da sambatu, har zuwa ranar da ya tashi ko ya cika. Daga cikin 42 ɗin nan, 25 sun mutu, kuma marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba. Allunan Efidauros waraka kaɗai suke ambata, domin manufarsu jawo masu ziyara ce, shi kuwa wannan likita ya rubuta gazawarsa domin wanda zai zo bayansa ya ƙaru da ita, kuma a nan ne ilimi ya rabu da talla. A wannan littafi ne kuma aka gargaɗi likita cewa idan bai amfani majinyaci ba, to aƙalla kada ya ƙara masa wahala.

Rantsuwar nan da ake jingina wa Buƙraɗu ta fito ne daga wannan yanayi na rashin hukuma mai sa ido, kuma alkawari ce tsakanin ɗalibi da malaminsa, ba dokar gari ba. Mai rantsuwar yana ɗaukar nauyin girmama malaminsa kamar mahaifi, da koyar da 'ya'yan malamin kyauta, da ƙin ba kowa guba ko da an roƙe shi, da kame kansa daga lalata a gidan da ya shiga, ko da ɗa ko da bawa, da rufe asirin abin da ya gani ko ya ji, da barin aikin fiɗa na cire tsakuwar mafitsara ga waɗanda suka ƙware a kai. Abin lura shi ne rantsuwar ta gane cewa mai shiga ɗakin marar lafiya yana samun iko a kan jiki da asirin wanda ba ya iya kare kansa, kuma ilimi kaɗai bai isa ya tsare wannan iko ba.

Sanin cikin jiki ya samu ci gaba ne a Iskandariyya ta ƙasar Masar, birnin da aka kafa a shekarar 331 kafin Miladiyya, inda sarakunan gidan Batalamiyus, Girkawan da suka gaji mulkin Masar, suka yarda a feɗe gawar mutum domin nazari, abin da al'adar Girkawa take ƙyama. A can ne likita Herofilus ya bambanta jijiyoyin ji da na motsi, ya danganta su da ƙwaƙwalwa, ya auna farkon ƙaramin hanji ya ce tsawonsa yatsa goma sha biyu ne, ya kuma riƙa ƙidaya bugun jini da agogon ruwa. Erasistiratus ya bayyana murafan da ke cikin zuciya, ya kwatanta aikinta da zugazugin maƙeri, sai dai ya zaci iska ce kawai take bin manyan jijiyoyin da ke bugawa. Marubucin Roma Selsus ya ruwaito cewa har fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa an miƙa musu sun feɗe da ransu, zargin da ya zama tabo a tarihin wannan nasara, kuma bayan zamanin mutanen nan biyu feɗe gawar mutum ya tsaya na ƙarnoni masu yawa.

Romawa sun karɓi wannan sana'a da ɗari-ɗari. A al'adarsu maigida ne likitan iyalinsa da bayinsa, kuma dattijo Kato ya gargaɗi ɗansa game da likitocin Girka, shi kuwa ya fi dogara da kabeji a matsayin magani. Marubuci Filini ya ruwaito cewa a shekarar 219 kafin Miladiyya wani Bagirke mai suna Arkagatus ya sauka a Roma, aka ba shi shago da kuɗin hukuma, amma yawan yanka da lalas da yake yi ya sa aka laƙaba masa sunan hauni. Sannu a hankali ra'ayi ya sauya, musamman bayan wani likita mai suna Askilefiyades ya zo da jinya mai sauƙi ta abinci da wanka da tausa. Yuliyus Kaisar ya ba likitocin Roma 'yancin zama 'yan ƙasa a shekarar 46 kafin Miladiyya, likita Antoniyus Musa ya warkar da Sarki Agustus da wankan ruwan sanyi a shekarar 23 kafin Miladiyya, daga baya kuma Sarki Antoninus Fiyus ya ƙayyade likitocin da za a yafe wa haraji zuwa 5 a ƙaramin gari, 7 a matsakaici, 10 a babba. Gudummawar Romawa ta kansu ta fi ƙarfi a tsari, domin sun gina gidajen jinya a barikokin soja har a bakin kogin Rayin da arewacin Birtaniya. A ƙarni na 1 na Miladiyya Selsus ya lissafa alamomi huɗu na kumburin ciwo, wato ja da tashi da zafi da raɗaɗi, Diyoskorides ya bayyana tsirrai kimanin 600 da amfaninsu, a farkon ƙarni na 2 kuma Soranus ya rubuta a kan haihuwa, inda ya so ungozoma ta iya karatu, ta kasance mai tsafta da gajerun farata.

Wanda ya tattara wannan gado duka shi ne Galen, wato Jalinusu, wanda aka haifa a Fargamon, a yammacin Turkiyya ta yau, a shekarar 129. Ya yi karatu a Simirna da Iskandariyya, a shekarar 157 kuma aka naɗa shi likitan mayaƙan da ake haɗawa faɗa da makamai domin 'yan kallo, aikin da ya ba shi damar ganin raunuka iri iri. Ya isa Roma a shekarar 162, ya zama likitan Sarki Markus Aureliyus da na magadansa. A gaban jama'a ya ɗaure wata jijiya a wuyan alade kukansa ya ɗauke, domin ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa murya. Ya ɗaure hanyoyin fitsari ya tabbatar da cewa daga ƙoda yake fitowa. Ya kuma nuna cewa jini ne a cikin jijiyoyin da Erasistiratus ya ce iska ce. Amma birai da aladu da shanu ya feɗe, sai ya ɗora wa mutum wasu siffofin dabba, ya kuma ƙaddara cewa akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu, waɗanda jini ke ratsawa, alhali babu su.

Ko da yake wata gobara a shekarar 192 ta cinye littattafansa da yawa a Roma, abin da ya tsira ya fi na kowane marubuci Bagirke da ya gabace shi yawa, kuma girman sunansa ya sa na baya suka ɗauki maganarsa a matsayin hujjar ƙarshe, alhali shi kansa ya horar da ɗalibai su je Iskandariyya su ga ƙasusuwan mutum da idonsu. A Bagadaza, Hunainu ɗan Is'haƙu, wanda ya rasu a shekarar 873, ya lissafa littattafan Jalinusu 129, shi da almajiransa suka mayar da mafi yawansu zuwa Suryanci da Larabci. Malaman Musulmi ba su tsaya ga haddace su ba: Arrazi ya rubuta littafi a kan shakkokinsa game da Jalinusu, Ibnu Sina ya tsara fannin a cikin Alƙanun, Ibnun Nafis kuwa, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya musanta kafofin zuciya, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne. A Turai sai a shekarar 1543 Besaliyus ya wallafa littafinsa na feɗe gawa wanda ya gyara kurakuran Jalinusu masu yawa. Ta hanyar littattafan ɗibbu na Larabci, irin su Arrahama da ake jingina wa Suyuɗi, bayanin ruwaye huɗu ya iso zaurukan malaman ƙasar Hausa, a Indiya da Pakistan kuwa har yau ana kiran wannan tsarin magani Yunani, wato na Girkawa.

Wannan tarihi yana nuna cewa sana'ar ta ci gaba a duk lokacin da masu ita suka yi aiki da hikimar nan ta gani ya kori ji, ta kuma tsaya cik a duk lokacin da girman malami ya hana almajiri duba abin da ke gabansa. Ra'ayin ruwaye huɗu ya faɗi, amma takardar da ake rubuta halin majinyaci a kowace rana a asibitocin duniya jikanyar littafin Efidemiya ce, alkawarin da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta tsara a Janeba a shekarar 1948 kuma ya riƙe rufe asiri da fifita lafiyar majinyaci daga tsohuwar rantsuwa. Magajin Buƙraɗu na gaskiya shi ne likitan da ya duba majinyaci da kyau, ya rubuta abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba, ya kuma tsare amanar wanda ya miƙa masa jikinsa.