Wa Ya Rubuta Tarihin Kano?

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya: littafin nan da kowa ke kafa hujja da shi idan ana zancen Barbushe da Bagauda, wa ya rubuta shi? Tambayar ta daɗe tana raba kan masana.

Littafin da Larabci aka rubuta shi, kuma babu sunan marubuci a jikinsa. Ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo. Baturen mulki H. R. Palmer ne ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, kuma shi ya yi lissafin da ya ɗora hawan Bagauda a shekarar 999. A 1933 aka buga shi da Hausa a Zariya, cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

A nan gardama ta tashi. M. G. Smith yana ganin an daɗe ana tara labarin, zamani bayan zamani. Murray Last ya ce tushensa ya koma wajejen 1650. Shi kuwa John Hunwick, a 1994, ya tsaya kan cewa an harhaɗa shi ne a shekarun 1880, kuma hannun Ɗan Rimi Malam Barka ne, babban bawan sarki a fadar Bello.

Ni dai zancen Hunwick ya fi kwanta mini. Duba inda alƙalamin ya tsaya: Bello na kan karaga, babu rasuwarsa, babu basasar da ta ɓarke a 1893. Sannan duba abin da marubucin ya fi sani: kirarin sarakuna, sunayen iyayensu mata, jerin jarumai da sarautu, da abubuwa goma sha biyu da Muhammadu Rumfa ya fara, har da kasuwar Kurmi. Wannan ilimin ɗan cikin gida ne, wanda ya tashi yana jin maroƙa da tsofaffin fada.

Hakan bai rage wa littafin daraja ba. Tun da Larabcin ya bi bakin Hausawa ne, muryar kakanninmu ce aka adana. Abin da ke damuna shi ne, ɗalibanmu sun haddace sunan Palmer, amma kaɗan ne suka taɓa jin na Barka. Ya kamata a riƙa ambaton sa a aji, ko da a matsayin wanda aka fi kyautata zaton shi ya riƙe alƙalamin.