Tarihin Koyi da Juna Tsakanin Malaman Sana'a a Ƙasar Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda malamin sana'a yake ƙara sani bayan ya kama aiki, musamman a ƙasar Gwarzo da Kabo, yamma da birnin Kano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sau da yawa hukuma takan kawo gini da manhaja da kayan aiki, amma ta bar malami shi kaɗai, alhali kuwa tsarin gargajiya bai saba barin mai koyarwa ba tare da mai duba aikinsa ba.

2.0 Kafin Zuwan Boko

A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Kano, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, sa'an nan ya riƙe awartaki, kafin a sakar masa masaba. To, amma abin lura shi ne, ko bayan an yaye shi ba ya ƙira a ɓoye. Maƙera fili ce, 'yan'uwansa suna ganin garmar da ya ƙera, in bakinta ya karkace su faɗa masa nan take, ga kuma Sarkin Maƙera mai raba gardama.

Haka abin yake a tsangaya. Gardi yakan biya wa ƙolo, shi kuma ya kai allonsa a yi masa darasu. Alarammomi da kansu sukan zauna musaffa, wani ya ja baƙi, saura su gyara masa in ya yi tuntuɓe, ba tare da girmansa ya zube ba. Watau dai Bahaushe ya daɗe da yarda cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

3.0 Zamanin Boko

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, har da sashen koyon sana'o'in hannu. Daga nan koyar da sana'a ya fara barin rumfa yana shiga aji. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921 sai horon malami ya zama na takarda da jarrabawa, duba aikinsa kuwa ya koma hannun sufeto, wanda yakan zo daga nesa, jifa-jifa, ya rubuta rahoto ya tafi. Malami ya koyi ɓoye kuskurensa, maimakon ya kai shi a gyara.

An taɓa gwada wata hanya dabam. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta shirya malamai masu zagaya makarantun firamare suna horar da 'yan'uwansu a cikin aji. Sai dai shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kawo ɗalibai masu ɗimbin yawa, hankali ya koma kan samar da malamai da gaggawa.

A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka kafa Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna, Jihar Kano kuma ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, wanda ya wajabta darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Turai ta Gabas, amma a makarantu da yawa na ƙasar nan suka tsufa cikin akwatuna, saboda rashin lantarki da ɗakin aiki da malamin da ya san kansu. Ko inda aka sami malamin, sau da yawa shi ɗaya ne tilo, ba shi da wanda zai tambaya. Makarantun karkara irin na wannan yanki su suka fi fuskantar wannan kaɗaici.

4.0 Bincike Cikin Aiki

A waje kuwa, masana sun ba wannan matsala magani mai kama da namu na dā. A 1946 Kurt Lewin, Bajamushe mazaunin Amurka, ya bayyana bincike cikin aiki, wato mai aiki ya tsara gyara, ya gwada, ya duba sakamako, sa'an nan ya sake shiri. A 1975 Lawrence Stenhouse na Ingila ya nuna cewa malami shi ya fi cancanta ya binciki ajinsa. A Kano, shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa daga 2008 zuwa 2017 ya mayar da horon malamai cikin makaranta, amma ƙarfinsa yana kan karatu da lissafi na firamare, ba kan sana'a ba.

Bambancin wannan hanya da musaffa ɗaya ne, shi ne rubutu. Alal misali, a ce malamin aikin katako a Getso ya lura ɗalibansa ba sa iya yanka a miƙe. Sai ya gayyaci takwaransa na Garo ya zauna a ajinsa, su ƙirga waɗanda suka kuskure, su sake yadda ake nuna riƙon zarto, bayan mako huɗu su sake ƙirgawa, su rubuta abin da suka gani don amfanin na baya.

5.0 Kammalawa

A 'yan shekarun nan Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar makarantar fasaha a Kabo, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Fasaha ta Tarayya a Bichi da ta daɗe tana yaye malaman sana'a. Idan aka tsaya ga gini da injuna, to, abin da ya faru bayan 1982 zai maimaita kansa. Shawarar wannan takarda ita ce a haɗa malaman sana'a na Gwarzo da Kabo biyu-biyu, a ware musu lokaci cikin jadawali don shiga ajin juna, a raba wannan ziyara da rahoton ƙarin girma, a kuma riƙa gayyatar maƙera da kafintocin gari su zauna tare da su.