3.2 Zanen Tarihin Sarauta a Zamanin Sarauniya Biktoriya da Matsayinsa ga Mai Nazarin Tarihin Katsina

A wannan sashe za a duba yadda masu zane na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, suka riƙa zana al'amuran ban tausayi daga tarihin sarakunansu. Manufar ita ce a tantance ko irin wannan zane zai iya zama hujja ga mai nazarin tarihi.

Misali na farko shi ne zanen da John Everett Millais ya yi a 1878. Yara biyu ne sanye da baƙaƙen tufafi, suna tsaye a gindin matakala mai duhu, sun riƙe hannun juna cikin firgita. Su ne Sarki Edward na Biyar, ɗan shekara 12, da ƙanensa Richard, ɗan shekara 9, waɗanda aka tsare a Hasumiyar Landan a 1483, baffansu Richard na Uku ya hau gadon sarauta, su kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Tsakanin aukuwar lamarin da zanen akwai shekara 395, don haka firgitar da ke fuskokinsu ƙirƙirar mai zane ce. Tun kafin wannan, a 1833, Bafaranshe Paul Delaroche ya zana Jane Grey, wadda ta yi sarautar kwana 9 a 1553, an ɗaure mata idanu tana laluben gungumen da za a fille mata kai, a wani wuri rufaffe mai duhu. Alhali kuwa a fili aka kashe ta a 1554. An sauya wurin ne don a ƙara taɓa zuciyar mai kallo.

Da aka zo kan sarakunan Afirka sai salon ya sake. Wajen 1863 Thomas Jones Barker ya zana Biktoriya tana miƙa wa wani basarake baƙar fata Baibul, shi kuwa yana durƙushe a gabanta. Ba a ba shi suna ba, ba a faɗi ƙasarsa ba. 'Ya'yan sarakunan Ingila an nuna su a matsayin mutane abin tausaya wa, shi kuwa an kawo shi ne kurum don ya fito da girman Ingila.

Ita ma ƙasar Katsina ta sami baƙon wannan zamani. Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta turo, ya iso birnin Katsina a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, sannan ya bi ta Kusada zuwa Kano. A littafinsa na 1857 zuwa 1858 an buga hotunan da Johann Martin Bernatz ya gyara daga zanen Barth, cikinsu har da birnin Kano daga kan Dala. Irin waɗannan sun fi amfani ga mai bincike, domin tushensu abin da ido ya gani ne, sai dai garuruwa da shimfiɗar ƙasa suka fi nunawa.

Katsinawa kuwa a baka suka adana lokutan alhini na sarautarsu. Akwai labarin kokawar da Korau ya kayar da Sanau ya kashe shi, wanda ake dangantawa da takobin nan Gajere da ke cikin kayan sarautar Katsina. Haka kuma akwai na Sarki Magajin Halidu, wanda aka ce ya faɗa rijiya a Ɗankama wajen 1807 bayan masu jihadi sun ci shi da yaƙi. Da a Ingila ne, da an zana su.

Daga nan za a fahimci cewa mai zane da mai ba da labari aiki ɗaya suke yi: kowannensu yana zaɓen lokacin da ya fi sosa rai, ya ƙawata shi daidai da buƙatar masu kallo ko masu sauraro. Saboda haka bai kamata a fifita zanen Turawa a kan ruwayar dattawan Kankiya da Kusada don kawai shi ana ganinsa da ido ba. Wannan bincike zai auna su da ma'auni guda, wato wa ya faɗa, yaushe, kuma don wa.