Antoine-Louis Barye, Mai Zanen Namun Daji da Zubin Tagulla

Antoine-Louis Barye (1795–1875) mutumin Faransa ne, mai zane kuma maƙerin siffofin tagulla, wanda ya yi fice wajen sifanta namun daji har masana suka sallama masa shugabancin wannan fanni a zamaninsa.

An haife shi a birnin Faris ranar 24 ga Satumba, 1795, a gidan maƙerin zinariya, saboda haka tun yana ƙarami hannunsa ya saba da ƙarfe. A 1816 ya zama almajirin Bosio mai sassaƙa, daga nan ya ɗauki ilmin zane a wurin Gros, kafin ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin a 1818. Da neman abin masarufi ya tilasta masa, sai ya kama aiki wurin Fauconnier maƙeri a 1823, yana ƙera masa ƙananan siffofin dabbobi.

Amma makarantarsa ta haƙiƙa ita ce gidan namun daji na Jardin des Plantes, inda yakan zauna gaban keji, wani lokaci tare da abokinsa Delacroix mai zane, yana lura da yadda zaki ke miƙa da yadda damisa ke laɓewa. In kuwa wata dabba ta mutu, yakan halarci fiɗarta, ya auna ƙasusuwa da gaɓoɓi, ya rubuta awon a gefen zanen, domin kada hannu ya sifanta abin da ido bai tabbatar ba.

A wancan zamani malaman fasaha sun yi ittifaƙi a kan cewa surar ɗan Adam ce kaɗai ta cancanci babban aiki, dabba kuwa ƙawar teburi ce. Barye ya warware wannan ra'ayi a babban bajen kolin Faris na 1831 da siffar damisar Indiya tana cin kada, sa'an nan a 1833 ya kawo Zaki da Maciji: zakin ya danne macijin da dagi, ya yage leɓe, jijiyoyin kafaɗarsa a ɗaure, macijin kuwa ya buɗe baki yana neman sara. Hukuma ta sa aka zuba wannan aiki da tagulla, aka kafa a lambun Tuileries.

Ɗaukaka ba ta rasa mahassada. A 1837 alƙalan bajen kolin suka ƙi karɓar ayyukansa, shi kuma ya ƙaurace musu shekaru masu yawa. Kuma saboda tsananin kulawarsa da ingancin zubi, alhali ba shi da dabarar ciniki, bashi ya yi masa katutu, har a 1848 samfuran ayyukansa suka koma hannun abokin kasuwancinsa, bai fanshe su ba sai 1857. Ya ɗauki wannan jarrabawa da haƙuri, bai sassauta wa aikinsa ba.

Game da zane, ya fi amfani da fentin ruwa. Da yake bai taɓa ganin zaki a dawa ba, yakan tafi dajin Fontainebleau ya zana duwatsu da itatuwa, sa'an nan ya zaunar da dabbobin da ya nazarta a keji a tsakaninsu.

A 1854 aka naɗa shi malamin zanen dabbobi a gidan tarihin halittu na Faris, inda Rodin mai sassaƙa ya zauna a darasinsa, kuma a 1868 aka shigar da shi majalisar manyan masu fasaha ta ƙasar. Ya rasu a Faris ranar 25 ga Yuni, 1875. Ayyukansa suna nan a gidan tarihi na Louvre, da kuma birnin Baltimore na Amurka, inda attajiri William Walters ya tara masu yawa. Falalarsa ita ce ya tabbatar da cewa dabba halitta ce mai daraja, wadda ta cancanci a nemi saninta da tahaƙiƙi kafin a sifanta ta, kuma a kan wannan tafarki maƙeran dabbobi na bayansa suka bi.