Kogon Lasko: zanen da numfashin 'yan kallo ya kusa cinyewa

A watan Satumban 1940, Yaƙin Duniya na Biyu na tsaka da ci, wasu samari huɗu suka kutsa cikin wani rami a kan tudu kusa da garin Montinyak, a kudu maso yammacin Faransa. Marcel Ravidat ne ya fara gano bakin ramin. Da suka ɗaga 'yar fitilarsu, sai ga dawakai da bijimai da bareyi sun cika bango, launinsu raɗau kamar jiya aka shafa shi. Masana sun ƙiyasta shekarun zanen da kusan 17,000.

Wanda ya ɗauka mutanen wancan zamani ba su san komai ba sai farauta, to ya dubi babban bijimin da ke zauren farko, mai tsawon fiye da mita 5. An zana shi a wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba, da hasken fitilar dutse mai cin kitsen dabba. Ja da rawaya daga ƙasa mai sinadarin ƙarfe suka samo su, baƙi kuwa daga manganis. Wani wurin hannu ne ya shafa launin, wani wurin da baki aka fesa shi. Inda dutsen ya kumburo, sai mai zanen ya mai da shi kafaɗa ko cikin dabba. Wannan aikin gwani ne, wanda ya daɗe yana koyo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ƙasusuwan da aka tono a kogon sun nuna naman barewar ƙasashen ƙanƙara suka fi ci, amma da ƙyar ake ganin ta a bangon. Doki ne ya fi yawa. Mutum kuwa ɗaya tak aka zana, mai kan tsuntsu, a gaban wata ɓauna da hanjinta ya zubo.

An buɗe kogon ga jama'a a 1948. Mutane suka yi ta tururuwa, fiye da dubu a rana, har zafin jiki da numfashinsu suka sa gansakuka ta fara bin bango. A 1963 gwamnati ta rufe shi. Tun daga 1983, kwaikwayon kogon da aka gina a kusa da na ainihin ake kai baƙi su gani, kuma an buɗe wani sabo, wanda ya fi shi cika, a 2016.