Yadda ƙwayoyin bairus ke yaɗuwa a tsakanin ɓerayen ɗakin bincike

Ɓeran da masana ke gwada magani a kansa ba irin wanda ke ɓarna a shago ko a sito ba ne. Kiwonsa ake yi musamman a keji, da tsaftataccen abinci da ruwa, kuma da tsada ake sayensa. Duk da wannan gata yana da cututtukansa na asali, wato ƙwayoyin bairus da suka saba zama a jikin ɓera tun kafin a san ɗakin bincike. Abin damuwar shi ne yawancinsu ba sa kwantar da babban ɓera. Za ka gan shi garau yana ci yana sha, alhali garkuwar jikinsa ta canza, sakamakon gwajin da aka yi da shi ma ya gurɓata. Maganin da za a ba mutum gobe kuwa, a kan irin wannan sakamako ake fara gina shi.

Babbar hanyar yaɗuwa ita ce kashi. Ɓeraye suna cin kashin juna, suna lasar juna, suna kwana a kan garin katako ɗaya. Ta nan ƙwayar ciwon hantar ɓera ke bi, wadda ake kira MHV, 'yar dangin korona da aka fara bayyanawa a Amurka a 1949. Manya kan warke cikin 'yan makonni, amma in ta shiga ɗakin da ake haihuwa sai ta riƙa kashe jarirai da gudawa. Haka ma norobairus ta ɓera, wadda ba a gano ta ba sai a 2003 a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Da aka koma ana duba jinin ɓeraye, sai ga ta birjik a ɗakunan bincike. Ashe an daɗe ana aiki da masu ɗauke da ita ba a sani ba.

Akwai masu bin numfashi kamar ƙwayar Sendai, mai sunan garin Japan da aka gano ta. Akwai masu taurin rai kamar fabobairus, da ke daɗewa a ƙura da jikin keji, safar hannun ma'aikaci ma ta isa ta kai ta keji na gaba.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce LCMV. Uwa ce ke ba ɗanta tun yana ciki, jikinsa ya ɗauke ta tamkar tasa, ba ya yaƙarta. Sai ya tashi lafiya lau yana zubar da ita a fitsari da yawu har ya mutu. Erich Traub ne ya gano haka a garken ɓeraye na cibiyar Rockefeller da ke Princeton a shekarun 1930. Wannan tana kama mutum, kuma tana da haɗari ga mai ciki. Danginta ɗaya da ƙwayar zazzaɓin Lassa da aka gano a Najeriya a 1969, wadda ita ma ɓera ke yawo da ita ba tare da ya kwanta ba. Mazauna Edo da Ondo da Ebonyi sun san wannan labarin, shi ya sa ake ta nanata a rufe garin rogo da hatsi.

To ta ina cuta ke shiga ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga? Wanda ya san kara ya san amsar: baƙuwar saniya ɗaya kan jawo wa garke ciwon huhu. Sabon ɓera da aka karɓo daga wata jami'a, ko ɓeran gida da ya samu kafa ya kutsa, ya isa. Wani lokacin ma ba dabba ba ce, kwalba ce. A 1995 aganar ɓera ta ɓarke a wata cibiyar binciken sojan ruwan Amurka da ke Bethesda, aka bi sawu aka tarar daga ruwan jinin ɓera ne da aka sayo aka yi wa wasu allura da shi.

Don haka ake killace sabon zuwa, kuma a wurare da yawa kowane keji da tataccen iskarsa. Ana kuma ajiye ɓerayen gadi: a kwaso ƙazamar shimfiɗar sauran a zuba musu, bayan makonni a duba jininsu. Dabarar tana kama masu bin kashi, amma Sendai kan kuɓuce mata, shi ya sa yanzu ake gwada ƙurar da ke fita daga bututun iska. In cuta ta yi katutu, sai a cire 'yan tayi a dasa a cikin uwa mai tsabta, a fara garke daga farko.

Sai dai tsabtar ma ta zo da nata. A 2016 masana a Jami'ar Minnesota sun haɗa ɓerayensu keji ɗaya da waɗanda suka sayo a shagon sayar da dabbobi. Kusan ɗaya cikin biyar na 'yan gatan suka mutu. Waɗanda suka tsira, garkuwar jikinsu ta koma kama da ta babban mutum, alhali a da ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa.