Tarin Fuka a Birnin Dabo: Jiya da Yau

Mu da muka tashi a lungunan cikin ganuwa mun shaida yadda ake yi wa mai tarin fuka a da. A ware masa ƙwarya da moɗa, a killace shi a ƙuryar ɗaki. Wasu su ce gado ne, wasu su ce sammu. Ashe ƙwayar cutar, wadda Robert Koch na Jamus ya gano a 1882, iska take bi idan majinyaci ya yi tari. Ɗakunanmu marasa taga da cunkoson kwana a soraye su suka taimaka mata.

Magani mai ci bai samu ba sai cikin shekarun 1940, da aka fito da allurar streptomycin. Yau gwajin majina da maganin wata shida kyauta ne a Asibitin Zana da Asibitin Murtala.

Saboda haka, ’yan’uwa mazauna Legas da Abuja, in kun ji wani a gida ya yi mako biyu yana tari, ku sa a kai shi gwaji. Kada ya yanke magani don ya ji sauƙi, domin hakan ke haifar da tarin da ba ya jin magani. In za ku gyara gidan gado, ku fitar da tagogi.

Allah ya ƙara mana lafiya.